Ƙofar Hajiya Mai Siminti

Duk layin masu walda babu wanda bai san Mai Tsari ba. Bai taɓa haɗa ƙarfe biyu sun zauna ba, amma ba a taɓa yin aiki a gabansa bai girgiza kai ya ce rashin tsari ne ke kashe mutanenmu ba. Ko ƙusa ka buga a bango sai ya gaya maka da ka fara zama ka tsara. A gida Auta ake kiransa, kuma har a sana'a auta ne. Ya yi kiwon kaji, suka mutu yana cikin raba su sashe-sashe. Ya buɗe shagon cajin waya, sai da ya gama fenti da allo sannan ya lura layin babu wuta. Abin da ya rage masa a duniya shi ne baki, da wata shuɗiyar igiya mai kati da aka rataya masa a wuya a wani taron bita na yini guda. Taron ya watse da daɗewa, igiyar ba ta sauka ba. Matarsa ta rantse da ita yake wanka.

Yayansa ne mai shagon walda mafi girma a layin, mutum mai ƙarancin magana da yawan harara. Da likita ya ce sai an yi masa aikin ido, sai ya rasa wanda zai bar wa mabuɗi, domin manyan ma'aikatansa biyu ne kuma bai so ya fifita ɗaya. Uwarsu ta sa baki, ta ce ai ga ɗan'uwansa nan yana zaune yana cinye mata kunne. Yaya ya zaro mabuɗin ya ɗora a tafin hannun Auta, amma bai saki ba.

"Ka buɗe da safe, ka rufe da yamma. Kada ka taɓa komai. Kada ka gyara komai. Abin da na fi roƙonka, Auta, kada ka yi tunani."

Aiki ɗaya ne a ƙasa, babbar ƙofar ƙarfe mai ƙyaure biyu ta sabon filin ajiyar Hajiya mai siminti, kuma dole ta tsaya kafin manyan motocinta su iso da kaya. Yaya ya ce idan ya dawo ya tarar da ƙofar tana buɗewa tana rufewa, mabuɗin ya zama na Auta, har da tebur da kujera. Idan kuwa ba haka ba, ko inuwar shagon kada ya ƙara shiga.

Mai Tsari bai ji rabi na biyu ba. Kafin motar da ta ɗauki Yaya ta sha kwana ya riga ya gaya wa matarsa an naɗa shi manaja. Ita kuma ta buga wa yayyenta, waɗanda suka daɗe suna tambayar wai mijinta aikin me yake yi.

Da safe ma'aikata suka tarar da shi a ƙofar shago cikin kwat, ya jingina wani tsohon allo a jikin injin janareta. Ya ce kowa ya ajiye abin hannunsa, akwai taro.

To shagon nan yana da yadda yake tafiya tun kafin a haifi kwat ɗin. Akwai Baba Tartsatsi, tsoho siriri da duk rigunansa suka huje da ƙunar wuta, akwai Guduma, wani ƙato da idan ya yi atishawa kwanon rufi ke amsawa. Kowannensu da mutanensa. Yini suke suna zagin juna, Baba ya ce wa Guduma buhun gawayi, Guduma ya ce wa Baba guntun waya, a cikin zagin kuma aikin ke tafiya. Idan za a yi ƙofa mai ƙyaure biyu, a ƙasa ake kwantar da su gefe da gefe. Ɗaya shi ne mai kuba, yana da wani siririn ƙarfe a bakinsa da suke kira leɓe, wanda ke hawa kan ɗan'uwansa idan an rufe. Ɗayan kuma mai sakata ne, bakinsa a shafe, da ramin da harshen kuba ke shiga. Mai kuba shi ne na girma, domin wanda ya yi shi ne ke liƙa alamarsa a jiki. Kullum kuwa Baba ke yin sa, ya manna 'yar tauraruwarsa ta ƙarfe, Guduma yana gefe yana haɗiyar yawu.

Mai Tsari ya zana da'ira a allo, ya zana kibiya ta shiga da'irar, ya zana wata ta fita. Ya ce abin da ya gani a shagon nan ba kamfani ba ne, kasuwar awaki ce. Ya ce a ƙasashen da suka ci gaba ba a fara aiki sai an gina tawaga, ba a gina tawaga kuma sai da yarda. Saboda haka kowa zai hau kan durom, ya juya baya, ya rufe ido, ya saki jiki ya faɗo, 'yan'uwansa su cafe shi.

Baba Tartsatsi ya tambaya ko wannan yana cikin aikin Hajiya. Aka ce masa shi ne tushen aikin.

Ƙananan ma'aikata suka hau suka faɗo aka cafe, ana dariya. Sai layi ya zo kan Guduma. Durom ya yi ƙara da ya hau. Mutum huɗu suka tsaya a bayansa da hannuwa a miƙe, suka ɗaga kai suka dubi abin da ke shirin sauko musu, kowa ya tuna yana da iyali. Guduma ya faɗo a kan bahon ruwan mai facin taya da ke maƙwabtaka da su, wanda ya matso kallo da bahonsa a gefe. Baho ya baje kamar faranti. Ruwan ya wanke allon tas, da da'ira da kibiyoyi.

Mai faci, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, ya tambaya a wane sashe na kamfanin ake biyan kuɗin baho. Mai Tsari ya ce a rubuce zai kawo ƙorafi. Ya juya ya shaida wa jama'a cewa an samu darasi mai tsada, wato yarda ba ta ginuwa a yini ɗaya.

"Manaja," in ji Baba Tartsatsi, yana sosa gemu, "kai yaushe za ka faɗo?"

"Shugaba a ƙarshe yake faɗowa, Baba. Haka tsarin yake."

"To Allah ya kai mu."

Washegari aka tarar Mai Tsari ya sa an kafa katangar kwano ta raba shagon gida biyu. Ya ce ya gano ciwon: surutu. Daga yau akwai Tawagar Nasara ƙarƙashin Baba, akwai Tawagar Ci Gaba ƙarƙashin Guduma, kowace za ta yi ƙyaure ɗaya, kuma za a ga gwani. Babu leƙe, babu kira ta saman kwano. Duk maganar da za ta tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan, ta hannun manaja za ta bi. Har lokacin cin abinci ya raba musu don kada sirrin aiki ya zube a kwano. Ya ajiye kujerarsa a bakin katangar, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Injin yankan ƙarfe ɗaya ne a shagon. Da can, mai buƙata sai ya daka tsawa a miƙo masa. Yanzu sai Guduma ya zo gaban manaja ya gabatar da buƙata, manaja ya ce ya karɓa, ya zagaya ya tarar Baba na amfani da shi, ya dawo ya ce ana duba lamarin. Kafin ya sake zagayawa waya ta shigo masa, ya tsaya yana yi wa wani abokinsa bayanin yadda ake riƙe ma'aikata. Rabin yini Tawagar Ci Gaba na zaune kan ƙarafa suna kallon ƙadangare. Da yamma ya tara kowa ya yi musu faɗa a kan zaman banza.

Tarurrukan ma abin kallo ne. Akwai taron safe na tsara yini, akwai taron rana na duba ko an bi tsarin safe, akwai taron yamma na gano abin da ya hana aiki tafiya. A nan ne wani daga cikin mutanen Baba ya ɗaga hannu ya ce shi a ganinsa taron ne. Mai Tsari ya yaba masa da ƙarfin hali, ya ce za a sa batun a taron gobe.

Mai faci kuwa ya samu sinima kyauta. Ya jawo bencinsa bakin shagon, yana gayyatar masu kawo faci su zauna. Duk wanda ya tambayi abin da ake yi, sai ya ce ƙofa ake yi da baki, in an gama za a shafa mata fenti da miyau.

Da Mai Tsari ya ga aiki ba ya sauri, sai ya tuna wani abu da ya gani a wayarsa, wai gasa ke fito da ƙwazo. Ya zagaya gefen Baba, ya rage murya, ya ce shi ba mai kai-kawo ba ne, amma Guduma ya ce hannun Baba ya fara rawa, walda tasa kamar kashin kaza. Ya zagaya ɗaya gefen ya ce wa Guduma, Baba ya ce har gobe shi ɗan koyo ne, ƙarfi kawai gare shi kamar jaki. Abin mamaki, duk waɗannan maganganu sun sha faɗa wa juna su ido da ido suna dariya. Amma da suka biyo ta bakin wani, a asirce, sai suka zama wuƙa. Daga ranar ko gaisuwa ta ɗauke. Aiki kuwa ya kama wuta, ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe ta kowane gefe, kowa na dukan nasa kamar kan abokin gaba. Mai Tsari ya zauna yana kaɗa ƙafa, ya ce wa mai faci ya zo ya koyi shugabanci.

A cikin wannan zafi ne Baba ya zo karɓar kubar da Yaya ya saya ya ajiye a ofis. Bai ma tambaya ba, hannu kawai ya miƙa, domin wa zai yi mai kuba in ba shi ba? Mai Tsari ya ba shi, ya ce ya riƙe abin a cikinsa, kada wancan gefen su ji.

Ba a jima ba Guduma ya tsaya a kan manaja, ya tare masa rana. Guduma ce kuwa a hannunsa, ta gaske. Ya ce tunda yanzu an ce gasa ake, kuma an ce zamanin fifiko ya wuce, to shi wannan karon shi zai yi mai kuba, ya liƙa tasa alamar, ko kuma ya ajiye aikin yanzun nan manaja ya ƙarasa da kwat ɗinsa. Mai Tsari ya dubi fuskar, ya dubi abin da ke hannun, ya ji bakinsa na cewa ai dama shi ya tanadar wa. Ya ce tsoho ya ci zamaninsa. Ya ruga kasuwa ya sayo kuba ta biyu, ya shigo da ita a ƙarƙashin kwat, ya ce Guduma ya riƙe abin a cikinsa.

Ya yi niyyar warware maganar, wannan gaskiya ne. Ya sa mata suna ma, matakin daidaitawa. Sau biyu yana zagayawa gefen Baba don ya faɗa, sai ya tarar tsohon ya ɗaga gilashin walda yana kallonsa da jajayen idanu, sai ya tambaye shi ya jiki. Gefen Guduma kuwa ko gwadawa bai yi ba. Da ya kwana biyu yana juya abin a ransa, sai ya ga ashe ma ba kuskure ba ne. Kuba ɗaya kowa na yi. Kuba biyu fa? Ɓarawo ya karya ɗaya, ya ɗaga kai ya ga wata na jiransa. Ya buga cinya, ya ce wa matarsa ya ƙirƙiro abin da za a riƙa zuwa koyo daga nesa. Ta ce Allah ya sa, ta ƙara da cewa yayyenta za su zo ranar kafa ƙofar su ga aikinsa.

Hajiya mai siminti ta biyo ta shagon da lemarta ta ga inda aka kwana. Mace ce gajera mai faɗi, wadda direbobin manyan motoci ke kashe sigari idan sun hango ta. Ta ce a nuna mata ƙofa. Mai Tsari ya tare ta a bakin shago, ya ce a tsarin zamani mai kaya ba ya ganin kaya sai ranar buɗewa, amma ya yi mata albishir da tsaro ninki biyu, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Ta dube shi daga igiyar wuya har takalmi.

"Ɗan nan, ni ba ninki na saya ba, ƙofa na saya. Motocina na hanya, damina kuma ta sauka. In ruwa ya taɓa mini buhu ɗaya, da kai zan yi daɓen filin."

Ya yi dariya irin ta manya, ya ce ta sa ranta a inuwa.

Da aka gama, mutanen Baba suka ce a kwantar da ƙyauren biyu gefe da gefe a gwada kamar kullum. Mai Tsari ya ce wannan aikin masu shakka ne, tawagar da ta yarda da kanta ba ta gwaji. Ya sa aka naɗe kowanne da tamfol, aka ɗaure da igiya, aka loda a mota daban-daban.

Ranar kafawa gari ya tashi da hadari a gabas. Motocin Hajiya sun riga sun iso, sun yi layi a titi har sun toshe hanya, masu ƙananan motoci na ta danna oda. Jama'a sun taru, ga direbobi, ga 'yan dako, ga masu shagunan kusa, ga yayyen matar Mai Tsari su biyu cikin manyan riguna. Mai faci ya rufe sana'arsa ya biyo su, ya ce ko nawa zai yi asara yau ba zai bari a ba shi labari ba. Can gefe kuma wata mota ta tsaya, Yaya ya fito da auduga a ido ɗaya, an sallame shi da safen nan. Ya jingina da mota.

Mai Tsari ya hango shi, ya ƙara gyara kwat. Ya sa kowace tawaga ta rataya nata ƙyauren a ginshiƙinta, a buɗe, tamfol na jiki, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Sannan ya hau kan bulo ya yi jawabi. Ya yi magana a kan hangen nesa. Ya yi magana a kan yadda ya tarar da shagon da yadda zai bar shi. Ya ce abin da za a gani yanzu ba ƙarfe ba ne, shugabanci ne. Hajiya, wadda ke tsaye a cikin filin, ta nuna sama da lemarta ta ce ya gajarta.

Aka yaye tamfol.

Kyau dai sun yi kyau, baƙin fenti na sheƙi. A na dama ga kuba, ga leɓe, ga 'yar tauraruwar Baba. A na hagu ga kuba, ga leɓe, ga wata ƙatuwar guduma ta ƙarfe da aka liƙa, ta kusa kai girman faranti. Babu sakata ko ɗaya, babu ramin da harshe zai shiga.

Baba Tartsatsi ya dubi na Guduma. Guduma ya dubi na Baba. Sannan a hankali, kamar an ja su da zare ɗaya, suka juya suka dubi manaja.

"Maza biyu aka ɗaura wa aure," in ji mai faci, yadda kowa zai ji.

Mai Tsari ya ce wannan shi ne tsaro ninki biyun da ya yi alkawari, jahilci ne ke sa mutum dariya ga abin da bai taɓa gani ba. Ya shiga cikin filin wajen Hajiya don ya ba da umarni daga ciki, ya ce a rufe. Aka turo ƙyauren biyu. Leɓe ya ci karo da leɓe, suka tsaya, da tazarar da akuya za ta wuce. Aka buɗe aka fara turo na dama, na hagu ya hau kansa ya ƙi zama. Aka fara da na hagu, haka. Baba ya buɗe baki zai yi magana, Mai Tsari ya ɗaga masa hannu ta cikin tazarar, ya ce duk shawara ta jira taron yamma.

Ya ce matsalar ba ta ƙarfe ba ce, ta haɗin kai ce. Ya kira tawagogin biyu, ya kira direbobi, ya kira 'yan dako, ya ce kowa ya sa kafaɗa, idan ya ƙirga a tura gaba ɗaya da zuciya ɗaya. Direbobi da ke son a sauke musu kaya su tafi suka zo da gudu. Baba da Guduma suka koma gefe suka harɗe hannu.

Aka tura. Ƙarar da ta tashi sai da tsuntsaye suka watse daga kan wayoyin lantarki. Leɓen biyu suka lanƙwashe suka cije juna, ƙofa ta rufe ruf.

Mai Tsari ya juya wajen Hajiya da murmushi, ya ce ga shi nan, ko iska ba ta wucewa. Ta ce ta gani, yanzu a buɗe motoci su shigo. Ya sa mabuɗi a kuba ta farko, ya juya lafiya. Ya sa a ta biyu, ita ma lafiya. Ya ja, ko motsi. Ya ce a ja daga waje. Babu abin kamawa a waje. Ya ce a tura, aka ce ai turawar ce ta kawo nan. Daidai lokacin ɗigon farko ya sauka a kan hancinsa.

Abin da ya faru a cikin filin, na waje ba su gani ba, ji kawai suka yi. Sun ji muryar Hajiya tana ambaton buhunanta, sun ji wani abu kamar ana kakkaɓe katifa, sun ji manaja na cewa a zauna a tattauna. Sai ga kansa ya ɓullo a saman katanga. Ya taka tarin bulo ya hau, kwat ta yage a hammata, lemar Hajiya na kai masa sara a ƙafa daga ƙasa. Katangar kuwa doguwa ce, an gina ta ne don ɓarayi. Ya leƙa waje ya ga nisan ƙasa, ya leƙa ciki ya ga Hajiya ta fara taka bulo.

Sai ya tuna ashe ya yi tanadin wannan rana. Ya juya wa titi baya, ya buɗe hannuwa, ya ɗaga murya.

"Tawaga, ku matso. Shugaba zai faɗo."

Baba Tartsatsi ya dubi inda yake tsaye, ya ce wannan gefen hagu ne, hurumin Ci Gaba ne. Guduma ya ce su ba su samu saƙo ta hannun manaja ba, kuma an hana su jin magana ta saman katanga. Mutanensu kowa ya sa hannu a aljihu.

Mai Tsari bai ji ba, ya riga ya rufe ido. Ya saki jiki da cikakkiyar yarda.

Allah ya taimake shi akwai tarin yashin magina a gindin katangar, wanda ruwa ya fara jiƙawa. Ya nutse a ciki har kunne, ƙafafu a sama, takalmi ɗaya ya tafi yawo. Titi ya kece da dariya, har masu odar nan suka leƙo ta taga. Yayyen matarsa suka tattara manyan rigunansu suka bi ta bayan motoci kamar ba su taɓa ganinsa ba.

Baba ya ce, "Kai buhun gawayi, ɗauko injin yanka."

"Ga shi nan, guntun waya. Riƙe mini wayar kada hannun nan naka mai rawa ya kashe mu."

Suka yanke ƙyauren biyu daga ginshiƙi, aka kwantar da su a ƙasa, motoci suka shige a guje ruwa na bin su. Buhunan da ke saman mota ta ƙarshe sun sha ruwa, kuma Hajiya ta tabbatar duk wanda ke layin ya san adadinsu.

Yaya ya tako har gindin yashin. Ya tsaya yana kallon ƙanensa da ido ɗayan da ya rage masa a buɗe, ya ce likita ya gargaɗe shi kada ya kalli abin da zai ɓata masa rai, ga shi tun ranar farko ya saɓa. Ya miƙa hannu. Mai Tsari ya ɗauka tashe shi za a yi, ya miƙa nasa.

"Mabuɗi," in ji Yaya.

Mai Tsari na lalube a aljihu yana tofar da yashi, yana cewa a dai duba da kyau, mutum biyun nan da ba sa ga maciji yanzu ga su suna aiki kamar 'yan uwa ɗaya, kuma wannan shi ne maƙasudin shirin tun farko. Yaya ya karɓi mabuɗinsa ya sa a aljihu.

Hajiya ta fito ta inda ƙofa ya kamata ta kasance. Ta ce ita ba dogon zance take so ba. Filinta cike da kaya, babu ƙofa, kuma ba za ta ɗauki mai gadi da kuɗinta ba saboda haukan wani. Har a gyara ƙofar, shagon ne zai ba ta wanda zai zauna a wurin, rana da ruwa. Yaya ya ce wannan gaskiya ne, kuma yana da mutumin da ba ya aikin komai.

Yanzu idan ka bi ta gaban filin za ka gan shi a kan bulo tsakanin ginshiƙai biyu, da sanda a hannu da shuɗiyar igiya a wuya. Baba da Guduma sun ce gyaran zai ɗan ɗauki lokaci, domin sai sun yi taro. Matarsa ta aiko masa da abinci, da saƙon cewa yayyenta na tambaya wai yanzu kuma aikin me yake yi.

Ya ce a gaya musu an ɗaga shi zuwa shugaban sashen tsaro, kuma duk motar da za ta shiga ko ta fita, ta hannunsa take bi.